Manyan Haruffa a Gidan Mushe Isufu

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a Tondibiya ba, ranar da na ɗauki asirina da hannuna na miƙa wa mutumin da na fi jin nauyi a duniya, har ina ƙara masa girman haruffa don kada wani abu ya wuce shi.

Ni malamin falsafa ne a wata lise, wato babbar sakandare, a nan Yamai. Ɗan Maraɗi ne ni, ina zaune a Kirkisoye, abokan aiki kuma "Filozof" suke ce mini (nakan nuna ba na so, amma ranar da aka kira ni da sunana na yanka sai in ji kamar an rage mini matsayi). An san ni da ɗaure fuska, an kuma san ni da ƙwace littattafan soyayya daga hannun ƴan mata a aji. In na kama yarinya ta ɓoye ɗaya a ƙarƙashin tebur, to ranar za ta sha huɗubar da ta fi ta Juma'a tsawo.

Wata rana ɗaya daga cikin littattafan da na ƙwace ya biyo ni gida a jaka. Na ce bari in leƙa in ga irin shirmen da ke cinye ƙwaƙwalwar yaranmu. Leƙawar ke nan. Abinci ya huce, matata ta yi magana har ta gaji ta tashi. Da na kai shafin ƙarshe na ga labarin bai ƙare ba, wallahi sai da na ji haushin yarinyar da ba ta zo da littafi na biyu ba.

Ana haka wani ƙanena ya kawo mini tsarabar na'urar karatu, wani siririn allo da ke ɗaukar littattafai fiye da kabad ɗina. A gaban mutane nakan yabe ta da cewa ba ta da nauyi, gara ba ta cin ta, cajinta na daɗewa ko an ɗauke wuta. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne babbar falalarta a wurina: ba ta da bango. Sai in zauna a ɗakin malamai na tsuke gira ina gyaɗa kai, abokan aiki suna rage murya don kada su katse wa Filozof tunani, alhali ni jira nake in ga ko Zulai za ta yafe wa Habibu.

Mutum ɗaya nake tsoron ya gano ni, Mushe Isufu (Mushe laƙabin malami ne a nan, aro daga Faransanci). Shi ya koyar da ni a lise, shi ya fara ɗora mini littafi a hannu ya ce kada in dawo sai da tambaya. Badamagare ne, ya yi ritaya ya koma Tondibiya kusa da kogi, kowace Lahadi bayan la'asar tsofaffin ɗalibansa mukan taru a ƙarƙashin mangwaron gidansa. Yana da al'ada ɗaya da ba ya fasawa. Ana gama gaisuwa, kafin ka kai kofin shayi bakinka, zai ce, "To, me kake karantawa?" Ko kai wane ne sai ka amsa. Na ga babban ma'aikacin gwamnati yana inda-inda a gaban tambayar nan kamar ɗan aji ɗaya. Ni kuwa tun daga gadar kogi nakan fara shirya amsa, kafin in wuce otal ɗin Gaweye na zaɓi sunan littafi mai nauyin da zai sa ya yi alfahari da ni.

Ban taɓa ganin mai son littafi kamar Mushe ba. Ɗaki guda ya ware musu, kuma da shafawa kawai yakan gane kowanne. Sai ciwon sukari ya rage masa gani. Likita ya yi ta canja masa tabarau har ya haƙura, ƙananan haruffa suka zame masa hazo. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Yakan ɗauko littafi ya buɗe, ya shinshina, ya juya shafi a hankali, ya rufe. In muka ce za mu karanta masa, sai ya ce ai wannan kamar wani ya tauna maka abinci ne. Abin yana ba ni tausayi ƙwarai, amma ba fuskar da za a nuna masa.

A wannan Lahadin an cika. Har da Madam Rabi, mai kula da tarbiyyar ɗalibai a lise ɗinmu, wadda a ofishinta ake tara duk abin da na ƙwato. Da tambaya ta zo kaina na gyara zama na ce wani bincike nake bi a kan ma'anar lokaci a wurin masanan Jamus, mai wuyar sha'ani. Mushe ya jinjina kai, ni kuma na ji kaina ya ƙara girma.

Daga nan gardama ta ɓarke a kan takarda da na'ura. Mushe ya ce, "Allon nan naku ba shi da ƙanshi. Littafi kuwa yana tuna inda babban yatsanka ya daɗe."

Da na yi shiru da na tsira. Amma bakin malami ba ya ganin taro ya haƙura. Na zaro na'urar na ɗaga sama, na ce, "Mushe, wannan da kuke rainawa, in na ga dama sai in mai da kowane harafi ya kai girman ƙwan zabo."

Sai na ga fuskarsa ta canja. Ya miƙo hannu. "Kawo in gani, ɗana."

Na kunna, na yi ta danna wurin ƙara girma, idona a kan jama'a ina ci gaba da lacca a kan ci gaban zamani. Ko kallon allon ban yi ba. Na manta sarai cewa abin nan a inda ka tsaya yake buɗewa.

Mushe ya kai allon kusa da fuskarsa. Ya ce a hankali, "Ina gani." Ya sake cewa, "Wallahi ina gani." Matarsa Hajiya, da ta fito da ƙwaryar fura, ta tsaya cak. Ni ma ƙwalla ta taru mini, har ina jin kaina wani gwarzo.

Sai ya gyara murya, wannan muryar da yake yi mana shifta da ita, ya fara: "Habibu ya dubi Zulai, idanunsa sun kaɗa sun yi ja, ya ce, tun ranar da kika daina ɗaukar wayata, ko tuwo ba ya yi mini ɗanɗano."

Jama'a, na nemi ƙasa ta tsage ban samu ba. Gumi ya keto mini har cikin takalmi. Madam Rabi ta ajiye kofinta a nutse ta ce, "Filozof, shi Habibun nan daga wane gari yake a Jamus?"

Aka kwashe da dariya, har wani ya ƙware da shayi. Na fara kame-kame, wai nazari nake yi don in san abin da nake yaƙi da shi (ko ni ban yarda da kaina ba). Rabi ta ce, "Kala suru, abokina," wato haƙurin Zabarmawa ta ba ni, sannan ta ƙara da cewa akwai kwali guda na kayan nazari a ofishinta in ina buƙata.

Mushe ya ɗaga hannu kamar yadda yake yi a aji. "Ku yi mini shiru, karatu nake."

Hawaye ne ke bin kumatunsa, bai ko share ba. Ya tambaye ni ina ake taɓawa shafi ya juya, na nuna masa, ya ci gaba da karantawa da ƙarfi, yana ba kowace jimla haƙƙinta. Dariya ta mutu da kanta. Manyan mutane masu furfura suka matso da kujeru. Da Zulai ta juya wa Habibu baya, na ji ma'aikacin gwamnatin nan ya ce, "Haba, yarinyar nan!" Kiran sallar magariba ne ya tsayar da mu.

Na so in sulale in hau babur, amma Mushe ya riƙe mini wuyan hannu. Na sunkuyar da kai ina jiran hukunci. Ya ce, "Ɗana, shekaru kana kawo mini sunayen littattafai ina gyaɗa maka kai. Yau ne ka kawo mini littafi. Kunyar me kake ji? Wanda ya rubuta wannan ya san zuciyar mutum." Sannan ya soka na'urar a aljihun rigarsa ya ce in turo masa abin cajin.

Har yau tana wurinsa, kuma ban da bakin tambaya. Kwanan baya Hajiya ta kira ni a waya ta ce, "Kai, me ka ba Malam ne? Jiya a gaban jikoki ya ce mini sanyin zuciyata. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ji ba." Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni. "Wa ya ce ka ba ni haƙuri? Cewa na yi in akwai na gaba ka sa masa."

Darasin da na koya dai shi ne, kafin ka miƙa wa babba na'urarka, ka duba inda ka tsaya. Ni ban duba ba, na kuma gode wa Allah da ban duba ba.