Yadda Na Zama Babban Dillalin Fanka

Jama'a, ku taya ni murna. Ranar Litinin ta makon jiya na yi awa shida cur a layin banki, kuma ko sisi ba ni da shi a wannan bankin. Rakiya na yi.

Wanda na raka ƙanen matata ne, a gida Auta muke ce masa. Shekararsa tara a ƙasar waje yana walda. Kwanakin baya mutanen can suka ce sun yarda ya zama ɗan ƙasarsu, amma sai ya dawo gida ya ajiye zama ɗan ƙasar nan, ya kai musu takarda kafin ƙarshen wata. In ya makara, sai ya sake jiran shekara biyar. Ga matarsa can da cikin fari wata takwas. Ya sauka da hutun sati uku yana washe baki, ya ce da ni, "Yaya, sa hannu ne kawai. Kwana biyu na gama, in sayar da filina in kwashi kuɗina."

Dariya ta kama ni har na zauna a ƙasa. Yaron nan ya daɗe ba ya gida.

Mun fara da ofishin ajiye ƙasa, wani ɗaki mai taga uku, biyu a rufe. Mai Girma Uban Taga ta Uku ya dubi Auta kamar wanda ya zo ƙwace masa gado, ya ce sai da shaidar biyan haraji. Muka gangara ofishin haraji. Can wani bawan Allah mai biro huɗu a aljihu ya buɗe wani ƙaton littafi, ya ce shagon waldar Auta bai biya komai ba shekara tara.

Auta ya ce, "Ranka ya daɗe, ai an rushe shagon tun kafin in tafi. Titi aka ce za a yi."

"An yi titin?"

"Ba a yi ba."

"To ka gani. Tunda babu titi, a wajenmu shago yana nan."

Wallahi na so in tafa masa. Irin wannan basira ba a makaranta ake samunta ba. Auta ya biya harajin shagon da akuyoyi ke kiwo a kansa, aka buga masa hatimi, muka koma Taga ta Uku. Bayan kwana goma sha ɗaya, da hoto takwas, da fom ɗin da aka ce mu sake cikawa don mun yi da shuɗin biro, Mai Girma ya karɓi katin shaidar Auta, ya ɗauko wani ƙarfe, ƙwas! Ya huda shi a tsakiyar goshin hoton. Auta ya rungume ni a bakin ƙofa yana cewa, "Yaya, na gama!"

Wannan ya kawo mu layin ranar Litinin. Fili ya sayu, kuɗin na cikin asusu, da su zai kama gida ya biya asibitin haihuwa. Jirginsa ranar Juma'a. Da muka isa gaba, kashiya ta ɗaga katin, ta leƙo mu ta cikin hujin.

Ta ce, "Malam, wannan katin ya mutu. Kai yanzu baƙo ne."

"To ga takardar ajiye ƙasa."

"Ita ce ma ta tabbatar kai baƙo ne. Kawo fasfon sabuwar ƙasarka."

"Ai sai na kai musu wannan takardar za su ba ni."

Ta ce to sai dai teburin baƙi. Teburin baƙi kuwa kujera ce da kwat a rataye. Mai kwat ɗin, in ji masinja, ya tafi ƙasar waje kwas na wata uku, don ya koyo yadda ake saurin sallamar jama'a. Allah ya ƙara ilimi.

Nan na ga Auta ya zauna a benci ya dafe kai. Ƙaton mutum mai lanƙwasa ƙarfe da hannu, sai ga idonsa ya ciko. Kashiyar nan, Allah ya yi mata albarka, ta yafito ni ta yi ƙasa da murya. Ta ce baƙo ba ya cire kuɗi, amma asusunsa na iya biyan ɗan ƙasa kuɗin kayan da aka saya, in akwai rasit.

Ta ce, "Baba, ba ka da abin sayarwa?"

Ni da nake haya a ɗaki biyu? Na kira uwargida a waya. Ta ce, "Baban yara, ai ga tsohuwar fankar nan ta bayan ƙofa, mai fiffike biyu." Nan take na yagi takarda na rubuta rasit: fanka ɗaya, ta tsaye, ba ta juya wuya, a kan kuɗin fili sukutum. Manaja ya karanta sau biyu, ya ce rasit ya cika ƙa'ida, ya sa hannu. Kafin mu kai bakin titi wayata ta yi ƙara. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin sifili sun jeru haka a gaban sunana ba. Na yi minti goma ina tafiya irin ta masu kuɗi, sannan na tura wa matar Auta abinta.

Ranar Juma'a Auta ya tashi. Ya kai takarda saura kwana biyu wa'adi ya cika, kuma jiya ya bugo waya, an samu 'ya mace, uwa da jaririya lafiya lau.

Yau da safe kuma sai ga sallama. Mai biro huɗu ne da kansa, da littafinsa a hammata. Gidanmu ba shi da lamba, unguwarmu ba ta cikin taswira, motar kwasar shara shekara shida tana neman layinmu ba ta gane ba. Shi kuwa ko tambaya bai yi a hanya ba. Ya miƙo mini hannu ya ce hukuma na alfahari da ni, domin a tarihin ofishinsu ba a taɓa samun ɗan kasuwar da ya yi cinikin fanka irin nawa ba. Sannan ya miƙo takardar abin da zan biya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, fanka ɗaya ce fa, kuma ko ɗaukarta mai sayen bai yi ba. Ga ta can bayan ƙofa."

Ya leƙa, ya gyara tabarau, ya zaro biro na biyu. Ya ce, "Au, ashe akwai sauran kaya a sito."

Maƙwabcina mai gyaran rediyo, wanda ya ji komai ta katanga, tuni ya fara ce mini Shugaban Kamfani, har ya tambaya ko muna ɗaukar ma'aikata.

Saboda haka, mai karatu, in kana bukatar fanka, zo ka ɗauka kyauta, har na mota zan ba ka. Amma don girman Allah kada ka ce in rubuta maka rasit.