Osiloskof ɗin Aro

A wata kwalejin fasaha da ba sai na faɗi sunanta ba, akwai wani dattijo, Malam Sallau, mai kula da ɗakin gwaje-gwaje na sashen lantarki. Mutum ne da bai iya ƙarya ba. Rannan aka ce masu tantance kwasa-kwasai na nan tafe, kuma ba sa amincewa da kwas ɗin lantarki sai sun ga osiloskof yana aiki, wato na'urar nan mai ɗan gilashi da ke zana tafiyar wuta da koren layi. Sashen kuwa ko hotonsa ba su da shi. Sai shugaban sashe, Dakta Barau, ya yi abin da aka saba yi: ya aro wani tsohon osiloskof daga wata kwaleji, aka kankare sunan da ke jikinsa, aka rangaɗa nasu da farin fenti.

Da aka kunna, layin ya fito dishi-dishi, kamar an goge alli da hannun riga. Dakta Barau ya ce wa Malam Sallau in har baƙi suka zo layin nan bai fito tar ba, to za a rufe kwas, kuma ɗakin da ba kwas ba ya bukatar mai kula da shi. Ga shi kuwa saura shekara biyu dattijon ya yi ritaya.

Kwana biyu yana fama. Ya murɗa maɓallin daidaita layi dama da hagu, ya rage haske, ya ƙara. Ya kwance bayan na'urar, ya hure ƙura, ya wanke maɓallan da sifirit, ya sake narka dalma duk inda ya ga ta dushe. Har wuta ta fizge shi sau ɗaya, ya yi salatin da ɗalibai suka ji daga aji. Layi dai yana nan yadda yake, sai ma ƙara faɗi da ya yi.

Ranar tantancewa, shugabar tawagar, Injiniya Talatu, wata dattijuwa marar yawan magana, ta tsaya gaban na'urar ta ƙura mata ido. Malam Sallau ya fara kame-kame.

"Ranki ya daɗe, tun shekaranjiya nake ta..."

Ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta ɗaga gefen hagu na na'urar kaɗan, ta buga mata tafin hannu sau biyu a ƙeya. Nan take layi ya fito siriri, tar da shi.

"Haka take so," in ji ta. "Akwai wayar da ke kwance a ciki. A kwalejin farko na gano, a ta biyu na koya musu, a ta uku ma ni na buga. Ku ne na huɗu cikin wata guda."

Dakta Barau ya shiga duba rufin ɗaki kamar yau ya fara ganinsa. Ta shafa jikin na'urar, fenti ya biyo yatsanta. Sai ta buɗe littafinta, ta cire murfin biro, ta juyo wajen dattijon.

"Malam, ka haifi Dakta, kai zan tambaya. Tsakaninka da Allah, na'urar nan ta waye?"

Tausayinsa ya kama duk wanda ke wurin, don in ya ce tasu ce ya yi ƙarya, in ya ce ta aro ce ya kori kansa. Ya gyara hula, ya russuna.

"Ranki ya daɗe, abin da duk inda kika sauka yana can yana jiranki, ai mu mun ɗauka naki ne."