Tsaunin da Na Gano a Kakuri

Shekarar da sojoji suka koma bariki, ina malamin makaranta da girmana, na maƙale wa shagon gem na Oga Emeka a Kakuri. Nan na lura da wani baƙin tsauni a gefen talabijin: yana cikin wasan tseren mota, yana cikin na faɗa. Mako uku ina nazari. Ranar Asabar na tara abokaina, na miƙe tsaye, na sanar cewa wasannin duk a duniya ɗaya suke, tsaunin ne hujjata.

Oga Emeka ya taso a hankali, ya kankare tsaunin da farce.

"Malam, miyar matata ce."

Har yau, in miya ta ɗiga a rigata, sai wani ya ce, "Malam, ga hujja."