Yadda Za Ka Gyara Bindigarka a Daji da Buroshin Matarka da Man Kifi

Wa ke gadin wani, mutum ne ke gadin bindigarsa, ko ita ce ke gadinsa? Na daɗe ina juya tambayar nan a bayan shagona na walda, na karanta littattafan da ba wanda ya aike ni in karanta, har yau ban samo amsa ba. Amma kai ba amsa ka zo nema ba. Ka zo ne ka koyi yadda ake kula da ƙaramar bindiga a cikin duwatsun Montana ba tare da an ɗauki ko tsinke na kayan gyara ba. Bi matakan nan yadda maƙwabcina Harlan Stoltz ya bi su a kakar bara, shi da matarsa Dottie. Na ba ka tabbacin bindigarka za ta yi sheƙi, kuma duk mai numfashi a dajin zai san da zamanta.

1. Rage kaya har sai ka ji kai gwani ne

Baza kayanka a tsakar falo, ka ɗaga kowanne ka yi tsaki. Sa zarto ka yanke hannun buroshin haƙoranka. Kwalbar man bindiga, wadda ba ta kai ɗan yatsanka ba, bar ta a gida, nauyi ce. Ita kuwa bindigar, mai cin harsashi shida, wadda ka gada daga mahaifinka, ta kuma yi nauyin guduma, ba kaya ba ce, 'yar gida ce. Ita za ta tsaya tsakaninku da beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai farce. Gwangwanin barkonon feshi na korar beyar da matarka ta rataya a ƙugu, kira shi turaren 'yan birni.

Dottie ta ce, "Harlan, kwalbar nan ko aljihunka ba zai san tana ciki ba."

"Da haka ake farawa, Dot. Yau kwalba, gobe kujera."

"To tumbin naka fa? Shi ma a gida za ka bar shi?"

Kada ka amsa. Na lura mutum ba ya jin nauyin abin da yake alfahari da shi, kayan matarsa kawai yake aunawa.

2. Tsoma ta a ruwa

Ba a gyara abin da bai lalace ba. In kun iso rafi, za ka ga gungumen da kowa ke bi ya haye. Bar wa matarka shi. Kai bi ta kan duwatsu masu gansakuka, kana yi mata bayanin yadda ake dasa ƙafa. Ka tabbata ɓangaren da kuben bindigar yake shi ya fara taɓa ruwa. In ka taso, ka ce dama kana son ka ji zurfinsa.

3. Goge ta da abin da ba naka ba

Da kun kafa tanti da yamma, zare harsasan duka. Wannan kam ba da wasa nake ba, ko Harlan bai yi gardama a nan ba. Yagi bakin singiletinka, ɗaure a igiyar takalmi, ka zura ta bututun ka ja. Sauran yashi a lungunan da yatsa ba ya shiga, aikin buroshi ne. A nan za ka gane naka ya yi gajarta, ko riƙuwa ba ya yi. Na matarka kuwa da hannunsa cikakke, saboda ita ba gwana ba ce.

Jira ta sauka ɗibar ruwa. Akwai tambaya a nan wadda ta cancanci tunani: in ka ɗauki abu, ka mayar kafin mai shi ya sani, me ka sata? Harlan ya yanke cewa bai saci komai ba. Dottie ta dawo, ta ga gashin buroshinta ya yi baƙi ƙirin, ta yanke wani hukuncin daban, amma ta ajiye shi sai sun koma gida. Mace mai ajiye magana ta fi mai ihu tsada, sai dai a lokacin ba ka ganin farashin.

4. Nemo mai

Ƙarfe ya sha ruwa, yana neman mai, mai kuma yana kan teburin falo. Kada ka damu. Buɗe gwangwanin kifin da za ku ci da biskit, ka tsiyaye man a murfi. Shafa a bututu, shafa a kunama, ɗiga a duk inda yake juyawa. Kada ka yi rowa. Ɗaga ta ka duba a hasken rana mai faɗuwa. Harlan ya ce tun rasuwar mahaifinsa bai ga ta yi kyau haka ba, har idonsa ya ciko.

Dottie ta shaƙi iska, ta dube shi, ta dubi bindigar.

"Tsoho, me ka shafa mata?"

"Mai dai mai ne. Mutanen da da kitse suke yi."

"Mutanen da ai shi ya sa suka ƙare."

5. Kare matsayinka da zurfin tunani

Kowa ya san dokar: duk abin da ke da ƙanshi ko ƙarni, a zuba shi a jaka, a rataye a reshe mai nisa da tanti, inda beyar ba za ta kai ba. Abinci, sabulu, man goge baki. Harlan shi ne limamin dokar nan. Ya taɓa sa Dottie ta fito cikin ruwan sama saboda man leɓe guda da ta manta a aljihu.

Yanzu ga ta tsaye, ta buɗe masa bakin jakar.

"Sako ta."

"In sako wa?"

"Amaryar taka. Tana ƙarnin da za a jiyo daga ƙetaren kwarin nan."

"Dot, in na rataye ta, beyar ta zo, da me zan tare ta? Da waƙa?"

"In ba ka rataye ta ba, ai kai ka aika mata da katin gayyata."

A nan fa aka zo wurin da nake son ka tsaya ka yi tunani tare da ni. Bindigar da ke cikin tanti ita ce za ta kira abin da aka kawo ta ta kora. Wadda ke kan bishiya ba ta kiran komai, ba ta kuma korar komai. Na kwana biyu ina auna wannan, na ga ko'ina ka dafa akwai ƙaya. Kai dai ka yi abin da Harlan ya yi: rungume ta, ka ce bindigar ubanka ba ta taɓa kwana da burodi a jaka ɗaya ba, ba kuma a kanka za a fara ba. Maimaita da ƙarfi. Hujja in ta ƙare, murya tana nan.

6. In ta ɗauki jakarta, kada ka motsa

Dottie ba ta yi ihu ba. Ta naɗe shimfiɗarta, ta ɗaure takalmanta, ta ciro makullin mota daga aljihun rigarsa.

"Ina kuma za ki?"

"Wurin mota. Tanti ba ya ɗaukar mu uku, balle mu huɗu."

"Duhu zai same ki kafin ki kai rafin."

"Na sani."

"Ke kaɗai? Da turaren nan naki?"

"Harlan Stoltz, na yi maka jinyar ƙafa, na yi maka jinyar zuciya. Ba zan kwanta a gefenka ina jiran a zo a buɗe mu kamar gwangwani ba. Ka gaishe ta in ta iso."

Zauna daram a kan kututture, ka ce a ranka barazana ce. Kada ka tuna sawun beyar da kuka gani da rana a taɓon bakin rafi, wanda ya fi hularka faɗi, a daidai hanyar da za ta bi. Kada ka tuna gwiwarta ta hagu da ke ƙagewa a gangara. Kalli bindigar kawai. Tana sheƙi, ƙudaje sun fara kawo gaisuwa. Saurari ƙarar ƙararrawar korar beyar da ke jakar matarka tana raguwa a cikin itatuwa, ka gaya wa kanka ka ci gardama.

Harlan ya ci gardamar, har jar hularta ta kusa ɓacewa a kwana.

7. Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya: tsatsa, ƙudaje, kuɗin sabon buroshi, baƙuwa mai farce, ko kwana a falo bayan an dawo gida. In matarka ta wuce kwanar ba ta waiwayo ba, kada ka zo shagona, ƙarfe nake haɗawa. Ban kuma ce ka yi abin da Harlan ya yi daga nan ba, don ya saɓa wa duk abin da na koya maka.

Miƙewa ya yi ya ƙwala mata kira, muryar ta fito siririya, ba irin tasa ba.

"Dot! Ina kika sa igiyar?"

Ta tsaya. Ta daɗe kafin ta juyo. Da ta dawo ba ta sauke jakarta ba, tsayawa ta yi tana kallo. Ya naɗe bindigar a sauran singiletin, ya kwantar da ita a jakar abinci tsakanin burodi da sabulu, ya jefa igiya kan reshe, ya ja har jakar ta wuce kansa. Ya dubi matarsa.

Ta ce, "Ƙara sama, tsoho. In beyar ta miƙe tsaye ta fi ka tsawo."

Ya tofa yawu a tafin hannu, ya ƙara ja.