Kwaɗon Dambu don Suruki

Zakara ɗaya tal Sama'ilu ya mallaka, shi ma ranar nan ya faɗa masa da tumbi. Surukinsa ne ya aiko cewa zai biyo daga kasuwar Dawanau kafin magariba, ga shi matarsa Ramlat tana can gidansu a Bagwai tana wankan jego. Gogan naka ya wasa wuƙa, ya bi zakara da gudu, igiyar akuya ta harɗe shi a gindin rumbu, sai ji kake tim! Ko da ya ɗaga cikinsa, zakara ya riga ya miƙe ƙafa. Babu yanka, babu bisimilla. Mushe.

Yana tsaye da wuƙa a hannu, gashin kaza manne a riga, sai ga kan Ikilima ta saman katanga. 'Yar kawunsa ce, taubashiyarsa, gidan aurenta a jikin nasa yake.

"Sannu da aiki, sarkin fawa. Ashe yanzu da tumbi ake yanka?"

"Yawwa, uwar leƙe. Ni ma ban san nauyina ya kai haka ba, sai da marigayin ya shaida."

"Allah sarki. Ya rayu cikin yunwa, ya mutu a ƙarƙashin ƙoshi."

"Ikilima, bar wasa. Baba yana hanya. In ya tarar da murhu a sanyaye, cewa zai yi 'yarsa ta ƙara wani arba'in ɗin a gida."

"Ta ƙara tamanin ma, ta huta da kallon ƙeyarka. Me ya rage a gidan?"

"Daga ni sai akuya."

"To wa za a dafa a cikinku?"

"Ita ciki gare ta. Ni kuwa tukunyar da za ta ɗauke ni ba a gina ta ba tukuna."

Kan ya ɓace. Jim kaɗan sai ga ta ta zagayo da ƙwaryar dambun tsakin masara yana tururi, da dafaffen zogale, da ƙuli-ƙuli a ƙulle a gefen zani.

"Na yaranmu ne, na raba biyu. Amma ni 'yar namiji ce, kai ɗan mace, ba na yi wa bawa aiki. Ɗauki taɓarya."

Sama'ilu ya duƙa yana daka ƙuli, rabi a turmi, rabi a ƙasa. Ya koma yankan albasa da tumatir, hawaye shar-shar.

"Kukan kewar Ramlat ne?"

"Kukan kaina nake. Gemai-gemai da ni, yau mace ke aikena, macen ma ke."

"Matse zogalen, ba shafa shi na ce ka yi ba. Zuba man gyaɗa. Kai! Mai na ce, ba alwala ba!"

"Yanzu suruki guda, a kai masa kwano ko ƙashi babu?"

"Haƙora nawa suka rage masa? Gata ka yi masa."

Ya barbaɗa gishiri da yaji, ya cakuɗa. Ƙamshi ya tashi har akuya ta miƙo wuya. Ikilima ta ɗiba ta kai baki, ta yatsina fuska.

"Gishiri ya yi kaɗan."

Ta ƙara loma.

"Yaji ya yi yawa."

Ta kai hannu na uku, Sama'ilu ya janye kwanon.

"In kika ci gaba da gyara shi da bakinki, Baba wanke kwano zai zo yi."

Ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki, ta kwance sauran ƙulin ta ajiye masa a faifai. Daidai nan ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida, aka yi sallama. Ikilima ta ja mayafi ta nufi ƙofar baya.

"In ya tambaya, ka faɗi gaskiya, ka ce ni na koya maka."

Sama'ilu ya karkaɗe riga, ya ɗauki kwano da hannu biyu.

"Zan faɗa. In ya ce ya yi daɗi, ni na yi. In kuwa cikinsa ya murɗa a hanyar Bagwai, sunanki zan ba shi, har da kwatancen gida."