Zanen da Na Yi Wa Garba a Tsakar Gida

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so ma 'yan gidanmu ba za su bar ni ba, da ranar da na tashi ɓata auren yayana da guntun kara a hannu.

A farkon shekarun casa'in ne, ina aji biyu a jami'a, aka fara koya mana ilimin gado, wato yadda ƙwayoyin halitta ke ɗauko kama ko cuta daga iyaye zuwa 'ya'ya. Malaminmu ya nuna mana yadda ake zana dangi: namiji ɗan akwati, mace da'ira, mai lalura a cike nasa da baƙi. Ya kuma ja mana kunne cewa mutum ɗaya ko biyu ba sa zama hujja, sai an ga abin a gidaje da yawa da ba su haɗa jini ba. Zanen na riƙe da kyau. Jan kunnen kuwa a aji na baro shi.

Na dawo hutu Gumel ina jin kaina (har da tabarau, alhali idona garau), na tarar ana shirin sa ranar Yaya Ibrahim da Hadiza, 'yar Inna Hajara ta Sule Tankarkar, aminiyar Ummanmu tun suna 'yan mata. A gidan Inna Hajara akwai Garba, wanda Hadiza ke kira Yaya. Ya haura talatin, amma maganarsa da tunaninsa na ƙaramin yaro ne. Awakin gidan su ne duniyarsa, kowacce da sunan da ya sa mata. Duk sallah Umma kan ɗinka riga ta ce da ni, "Kai wa wancan na gidan Hajara." Ba ta kiran sunansa, in ya shigo ɗaki ita kuma sai ta fita. A lissafina ƙyamarsa take yi, rigar kuma sadaka ce.

Sai na tuna Inna Hajara tana da wani ƙane da ba ya magana sosai. Shi ke nan, na samu mutum biyu! Na kwana ina tausayin 'ya'yan Yaya Ibrahim da ba a ma haifa ba.

Ranar da na raka Umma gaishe da Inna Hajara, suna zaune a tabarma, Hadiza tana daka a gefe, na gyara murya na tsuguna. Na share ƙasa na fara jera akwatuna da da'irori.

"Inna, ku yi haƙuri, ilimi ne ba son rai ba. Wannan ƙanenki ne, wannan Garba. Abin a jininku yake. In aka yi auren nan, jikokin Umma za su iya ɗaukowa."

Taɓaryar Hadiza ta tsaya. Na ɗaga kai na ga idonta ya cika, amma da yake shaiɗan na kaɗa min ganga, sai na ƙara cike akwatin Garba da gawayi don kowa ya gani.

Inna Hajara ta leƙa zanen ta daɗe. "Wannan baƙin shi ne Garba?"

"Shi ne, Inna."

"To ɗan nan, ɗauke shi ka mayar layinku. Ɗan farin uwarka ne."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige har da tabarau. Umma ta ja mayafi ta rufe fuska ta shiga ɗaki.

Ashe kafin Babanmu ta yi aure a Maigatari, Garba ne ɗanta na fari. Da aka yaye shi ta ba aminiyarta riƙo, lokacin Allah bai ba Inna Hajara haihuwa ba. Rashin kiran suna da fita daga ɗaki kuwa alkunyar ɗan fari ce, wadda na sani sarai a gidan kowa, ban da namu. Ba wanda ya ɓoye min, ni ne ban taɓa tambaya ba. Yaya Ibrahim ya sani. A wajen kai wa Garba ziyara ma ya ga Hadiza. Shi kuwa ƙanen Inna, sanƙarau ne ya kurmantar da shi yana yaro.

Na bi Umma ɗaki na durƙusa. Ita ta yi magana, tana kallon bango.

"Na sha wuyar naƙudarsa. A amalanke aka kai ni asibiti, ya fito bai yi kuka ba sai daga baya. Ko wannan ne, ko jinin nawa ne, Allah ne masani. In karatun naka ya gano, ka zo ka faɗa min ni kaɗai."

Ban taɓa jin son mahaifiyata kamar a wannan lokacin ba, ban kuma taɓa jin kunyar kaina haka ba.

Da na fito, awaki sun tattake zanen tas. Garba na biye da su, ya gan ni ya washe baki, ya kama hannuna ya ce, "Ƙanena, ka zo?" Haka yake ce min tun ina yaro, ni kuwa ina ɗauka cikin lalurar ce.

An yi aure. Hadiza ta yafe min, sai dai har gobe "Likita" take kirana, ba kuma don girmamawa ba. Amsar tambayar Umma ban samo ta ba har yau. Abin da na samo shi ne: kafin ka zana jinin gidan wani, fara sanin ku nawa uwarka ta haifa. Garba ya riga ni sani.