Sarkin Ruwan Illela

A wasan waya da muke bugawa, duniya ta rushe, tituna sun mutu, sai jirgin ruwa ke kai kaya, 'yan fashi kuma na fakon jirage. Ni ƙungiyarmu ta ba tuƙi, jirgi maƙil da magani.

Abokina Buba ya ce, "Alhaji, bi gaɓar teku, ta fi lafiya."

Na harare shi. Ɗan bodar Illela irina ba ya bin hanyar da aka nuna masa.

"Mi 'yan fashi sunka ba ka?" na ce, na karkata zuwa wani siririn rafi, ɓarauniyar hanya.

Jirgi ya kafe a yashi. 'Yan fashi suka tako da ƙafa, suka kwashe komai.

Har yau ko kwata zan tsallaka, sai Buba ya ɗaga murya: "Sarkin Ruwa, a duba yashi!"